Ranar da Na Zubar da Zoɓon Inna

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, kakata Inna Hajo ta kira ni ɗakin randuna da hantsi. Kwalabe sittin ne a jere cikin jiƙaƙƙen yashi, kowacce da toshiyar totuwar masara. Ta zare toshiyar ɗaya, kwalbar ta ce fus, jan kumfa ya gangaro mata a hannu. Ta miƙo mini.

Duk Illela an san wannan zoɓon mai tashi. A gonarmu ta Lafani Inna take noma shi, kuma ba ta taɓa yarda takin zamani ya shiga gonar ba. Shanun Baffa Sambo, wani Bafulatani aminin kakana, su ke sauka bayan girbi su bar mata taki. Mu jikoki mu ke ɓarar zoɓo har yatsunmu su rine, a makaranta a yi ta tsokanarmu wai mun yi lalle babu biki. Inna takan dafa shi da citta da kanumfari da mazarƙwaila, ta ɗura, ta bar shi kwana ɗaya tak. Kullum takan ce, "Kwana guda sha ne, kwana ukku haram." Ni ta koya wa ɗanɗano, don ta ce na fi kowa tsinin baki, gara a yi amfani da shi.

Zoɓon wannan karon na walimar saukar Alƙur'anin yayana Bello ne. Sai malaminsu ya tafi ta'aziyya Amarawa, aka ɗaga walimar kwana biyu, ga zafi kamar a soya ƙwai. Inna kuwa mura ta toshe ta, ba ta jin ɗanɗanon komai. Baƙi sun cika zaure, har da dangi daga Ƙonni da suka zo da maganar zoɓon a bakinsu.

Na kurɓa. Daɗi yana nan, amma can ƙarshen harshe akwai wani ɗaci mai ɗumi da na sani. In na yi shiru, liman zai sha abin da bai halatta ba daga hannun Inna. In na faɗa, Bello ya yi walima babu zoɓo.

"Mi kinka ji, ɗiyata?"

"Ya juya, Inna."

Ba ta sake tambaya ba. Ta sa muka kwashe kwalaben zuwa tsakar gida, muka tuttule su a kwata, mata na salati, gwaggona na cewa ai yarinya ce, mi ta sani. Inna ta ce, "Ni na koya mata." Ruwan randa aka raba ranar, Bello ya yi mako bai kula ni ba. Ni kuwa ban taɓa jin girma irin na ranar ba.

Bara a Yamai, wani mai otal ya nuna mini kwalbar giyar inabi mai kumfa daga Faransa, yana yabon wai ƙaramin gida ne ke yi, babu takin zamani. Ban taɓa ta ba, murmushi kawai na yi. Gonar Lafani yanzu albasa ce, zoɓon kasuwa kuma kala ce da sukari a leda, ba ya tashi, ba ya juyawa. Har yau in aka miƙo mini, ina kurɓa a hankali, kamar Inna na jiran amsata.