Maman Melusi da Ɗakunanta Huɗu

Sunan da aka raɗa mata Nomalanga, amma a unguwar Luveve ta Bulawayo babu mai kiranta da shi. Tun ranar da ta haifi ɗanta na fari ta zama Maman Melusi, har mijinta Gideon Mlilo haka yake kiranta. Tela ce. Shekara ashirin da bakwai tana zaune a barandar gidansu mai ɗaki huɗu da keken ɗinkinta na ƙafa, tana ɗinka kayan 'yan makaranta. Da wuya ka sami yaro a layin nan da bai taɓa tsayawa gabanta ya buɗe hannuwa ta auna shi ba. Gajeriya ce mai faɗa, ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, kuma in ta ce ɗinki zai fito Juma'a, to Juma'ar zai fito.

Huɗu ta haifa, biyu suka rayu. Melusi ya tsallaka Afirka ta Kudu yana ɗan shekara ashirin, a shekarar da aka rufe masana'antar takalman da ubansa ke aiki. Ƙanwarsa Sazini tana tsakiyar karatun jinya ta yi ciki, saurayin ya ɓace, daga baya ta sami hanyar zuwa Ingila aikin kula da tsofaffi. Ta tafi ta bar 'yarta Ayanda da wata goma sha huɗu a duniya, ko yaye ba a gama ba.

Saboda haka lokacin da gidajen layin suka koma na tsofaffi zalla, Maman Melusi ba ta ji abin a jikinta ba. Tana taka keke da yarinya a goye. Ita ta ga haƙorinta na farko, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta ɗinka mata rigar makaranta ta farko da ƙyallen da ya fi kowanne kyau. Da idonta ya fara rauni, Ayanda ce ke zura mata zare a allura kafin ta tafi makaranta, allura biyar a jere, ta soke su a jikin labule. Mama take ce mata, kuma babu wanda ya taɓa gyara mata.

Ayanda na da shekara takwas Sazini ta dawo. Ta zo da akwati uku da hutun mako biyu da takardun tafiyar yarinya, an gama komai ba a shawarci kowa ba. A ranar farko, suna cin tuwon masara da ganye, yarinyar ta ce, "Mama, ƙara mini miya."

Sazini ta ajiye cokalinta. "Ayanda, wannan Kaka ce. Ni ce Mama."

Yarinyar ta dubi baƙuwar, ta dubi kakarta, ta sunkuyar da kai ba ta ƙara cin ko loma ba.

Washegari da yarinyar ta tafi makaranta, Maman Melusi ta tare 'yarta a kicin. "Ki bar ta ta gama firamare mana. Shekara huɗu kawai. Ina za ki kai ta cikin wannan sanyin, ke da ba kya yini a gida?"

"Mama, shekara bakwai ina wanke wa iyayen wasu kashi don in sami takardar nan. Shekara bakwai ina kallon 'yata ta waya tana gaishe ni kamar malamar makaranta. In na ƙara huɗu, wa zan zo in ɗauka? Budurwar da ba ta san ni ba?"

"To ni fa?"

"Ke kin yi naki renon, Mama. Kin gama. Ki huta."

Ba da mugunta ta faɗa ba. A filin jirgi yarinyar ta damƙe zanen kakarta da hannu biyu tana ihu, mutane na kallo. Sazini ta ja, ta yi lallashi, ta kasa. Maman Melusi da kanta ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta daka mata tsawa irin wadda ba ta taɓa yi mata ba, sannan yarinyar ta saki. A motar komawa gida Maman Melusi ba ta yi kuka ba, sai dai ta yi ta yi wa kwandasta masifa a kan ya cika mutane.

Mako uku da tafiyarsu, Gideon ya haɗa jakarsa. Yana da shanu shida a ƙauyensu can Tsholotsho, ƙanwarsa ke kula da su.

"Dama don yarinyar nake zaune," in ji shi. "Me zan yi a nan? In zauna ina kallonki kina kallona? Ki rufe gidan mu tafi."

"In tafi inda sai an hau tudu ake samun waya? In yaran suka kira fa? In suka zo suka tarar da gida a kulle?"

"Waɗanne yaran, Maman Melusi? Yaushe rabon Melusi da garin nan?"

Ta ce ba inda za ta. Bai matsa ba, kuma rashin matsawar ya fi tafiyar yi mata ciwo. Shekara talatin suna tare, ashe duk hirarsu ta yara ce. Da yaran suka ƙare, hirar ta ƙare.

A wannan damina jikinta ya fara yi mata baƙon abu. Tana zaune ƙalau sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ta sharkaf, zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu. Al'adarta ta rikice, sannan ta ɗauke. Ta fara mantuwa, har ta yanka rigar wata yarinya da awon wata. Ta ƙudurta a ranta cewa cutar da ta kashe uwarta ce ta zo, ta je asibitin unguwa ta yini a layi. Ma'aikaciyar jinyar, wadda ba ta kai Sazini shekaru ba, ta auna ta, ta yi murmushi.

"Mama, lafiyarki lau. Shekaru ne. Haihuwa ce ta yi sallama."

Maƙwabciyarta MaNkiwane, tsohuwa mai baki da 'ya'ya biyar duk a waje, ta yi dariya har da hawaye da ta ji. "Au, mutuwa kika je nema aka hana ki? Barka da shigowa sahunmu, ƙanwata! Ki sayi mafici, ki daina dafa tuwon mutum huɗu, ki koyi magana da kaji. Ni kazata ja ɗin nan ta fi mijina Baban Sipho jin magana."

Maman Melusi ba ta yi dariya ba. Ɗinki ma ya ja baya, don yanzu kayan makaranta a ɗinke suke zuwa cikin dila, ga shi zura zare ɗaya sai ya ci mata minti goma. Abin da take jira a mako shi ne yammacin Lahadi, lokacin da Sazini ke kira. Da farko Ayanda kan yi kuka ta ce a zo a ɗauke ta. Bayan wata shida ta daina kuka. Bayan shekara, kakar na yi mata magana da harshensu tana amsawa da Turanci, idonta na kan wani abu a gefe. Wata Lahadi ta ce, "Kaka, zan je wasa," ta miƙa wa uwarta wayar. Daga nan kiran ya koma sau ɗaya a wata.

Ana haka sai Mdluli, direban da ke jigilar kaya daga Johannesburg, ya kawo mata buhun shinkafa da man girki daga wajen Melusi. Yana sauke kayan ya ce, "Kai, jikan nan naki ya yi ƙato, Mama. Goshin Melusi sak."

"Wane jika?"

Mdluli ya gane ya yi suɓutar baki, amma magana ta riga ta fita. Melusi na zaune da wata 'yar Lesotho mai suna Palesa, suna da ɗa ɗan wata tara.

Ya kamata ta ji haushi, kuma ta ji. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu kamar murna. Kwana huɗu ta yi a kan keke ba ta damu da ido ba, ta ɗinka 'yan riguna shida. Ta wanke gadon katakon da Ayanda ta kwanta a ciki, ta shanya katifarsa. Ta ce wa MaNkiwane, "Mutum biyu masu aiki, wa zai riƙe musu yaro a wancan gari? Ki duba mini kajina, da goyo zan dawo." Ba ta gaya wa Melusi tana tafe ba sai da motar ta ƙetare gadar kan iyaka.

Ya tare ta a tasha cikin kayan gadi, ya rame, har furfura ta fara masa a gefen kunne. Bai yi murna ba, bai kuma ɓoye ba. Gidan da ya kai ta bene ne mai hawa goma sha ɗaya, na'urar hawa ta mutu, su kuma suna zaune a hawa na takwas. Abin da ya daɗe yana ce mata gidansa rabin falo ne da aka raba da labule, wasu mutum uku na ɗaya rabin. Katifa ɗaya, risho ɗaya, bokiti biyu.

Palesa ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, ta miƙa mata yaron. Maman Melusi ta karɓe shi, ta shinshina wuyansa, ta zauna da shi a kan katifar. Ta bari aka ci abinci kafin ta kawo maganar.

"'Yata, dubi inda kuke. Hayaƙin risho, ga ƙarti bayan labule, ga ki kina tafiya shagon kitso da shi a baya. Ni ina da ɗaki huɗu babu kowa. Ki ba ni shi. In ya isa makaranta ku ɗauka."

Palesa ta miƙa hannu ta karɓi ɗanta a hankali.

"Mama, ki yi haƙuri. Ni ma kakata ce ta rene ni. Uwata na aikatau a garin nan, sau ɗaya take zuwa a shekara da takalmin da ya yi mini kaɗan. Yau tana nan da rai, tafiyar minti ashirin daga nan, in mun zauna ba mu da abin cewa juna. Ko a ƙarƙashin gada zan kwana, da ɗana zan kwana."

Maman Melusi ta juya ga ɗanta. "Kai ba ka da baki?"

Melusi na kallon ƙasa. "Shi ya sa ban gaya miki ba, Mama. Na san abin da zai kawo ki ke nan. Kuma na ga yadda ta ƙare da Ayanda. Sazini ta ce har yau yarinyar ba ta yarda ta taɓa mata kai."

Ba wanda ya taɓa gaya mata wannan. Ta buɗe baki za ta yi faɗa kamar yadda ta saba, ta ga babu wanda za ta yi wa. Palesa ba ta yi mata rashin kunya ba, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Kwana biyu ta yi. A na uku Melusi ya ce mai kula da benen na ƙirga kawuna, baƙo ba ya wuce kwana biyu. Ta bar musu rigunan shida, huɗu sun yi wa yaron kaɗan. Palesa ta rako ta har tasha, ta ɗora mata yaron a cinya har direba ya tada mota.

MaNkiwane na bakin ƙofa lokacin da ta sauka da jaka ba goyo. Tsohuwar ta dube ta sau ɗaya, ta karɓi jakar ta shigar mata.

Shekarar da ta biyo baya Gideon ya faɗi a garken shanu, ɓarin jikinsa ya mutu. Kafin labari ya iso gare ta, ta nemi mota ta isa Tsholotsho, ya cika. Melusi ya zo jana'iza shi kaɗai, ya kwana ɗaya. Sazini ba ta sami hutu ba, wani ɗan'uwa ya riƙe waya a bakin kabari tana kallo daga ɗakin hutun ma'aikata. Bayan an watse 'ya'yan biyu suka yi shawara tsakaninsu, suka sanar da ita cewa bai dace ta zauna ita kaɗai a gida ba, a zuba 'yan haya. Ba ta yi musu ba. Ta kwashe kayanta zuwa ɗakin baya, wasu malaman makaranta biyu da wani makaniki suka shiga sauran ukun. Mutanen kirki ne, suna gaishe ta da safe su kulle ƙofofinsu.

Yanzu shekararta hamsin da shida. Ta shiga ƙungiyar matan coci masu zuwa gidan mutuwa, su wanke gawa in mace ce, su yi girki, su zauna da masu makoki. A Luveve aikin ba ya yankewa, kuma yawancin waɗanda suke wankewa 'ya'yansu na hanya ko ba za su zo ba. An san ta da tsafta da rashin son wasa a wajen aikin.

A watan Disamba motoci masu lambar Afirka ta Kudu na 'ya'yan da suka dawo hutu kan cika unguwar, da kiɗa da tirela cike da kaya. Bara ita da MaNkiwane suka fito da kujeru bakin titi suna kallo. Wata farar mota ta rage gudu daidai ƙofarsu, duk su biyun suka miƙe. Direban ya leƙo ya tambayi gidan su Mpala. MaNkiwane ta nuna masa da hannu, layi na gaba, gida na uku. Suka koma suka zauna.

"Gobe akwai jana'iza a Gwabalanda," in ji MaNkiwane. "Ƙarfe shida za a zo ɗaukarmu."

"Na sani," in ji Maman Melusi. "Na riga na goge farar rigata."