Wata Bakwai Muna Jiran Makantar da Ba Ta Zo Ba

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban saka ko hoton atamfa ɗaya a shafin nan ba. Masu tambaya ko na bar kasuwar Arzèkè ta nan Parakou ne, ban bari ba. Masu nuna ni da baki kuwa, suna cewa "Allah sarki, ita ce 'yarta ke makancewa", ku matso kusa, yau da ku nake.

Da ciwon kai abin ya fara. 'Yata Nafisa, shekararta tara, takan dawo daga lakwal, wato makarantar boko, tana murza ido, ta ce rubutun allon aji dishi-dishi take ganinsa. Da hutu ya zo muka je Djougou wurin mahaifiyata, Inna, sai na kai ta wani ƙaramin wurin duba ido a can.

Aka sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, aka ɗauki hoton cikin idon. Takarda ta fito, rabinta ja. Mai dubawar ya nuna min da biro: "Madam, kin ga jijiyar idon nan? Ramin tsakiyarta ya yi faɗi. Glokom ne, hawan jinin ido. In aka yi sakaci, makanta."

Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba.

Ya rubuta maganin ɗigawa safe da yamma, kwalba jika takwas, wato sefa dubu takwas, kuma ba ta kai wata. Duk ɗigo sai yarinya ta yi ihu, idon ya kaɗa ya yi jawur. Mu kuma muka ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa.

Nan Inna ta yanke hukunci. Ta ce, "Karatu cin ido yake. Ɗan ganin da ya rage mata a adana shi. Ba lakwal, ba allo." Ta kulle jakar makarantar a adakarta, ta riƙe Nafisa a Djougou. Na yarda, na koma Parakou ni kaɗai. Har yau ina jin kunyar wannan yardar.

Bayan wata huɗu, wata Juma'a na je ba sanarwa. Ina shiga tsakar gida na tarar da Nafisa an ɗaure mata ido da kallabi, hannu a miƙe, tana lalube daga ɗaki zuwa randa. Inna na gefe tana cewa, "Dama, dama. Gara ki koyi hanya tun kina gani."

Nafisa ta yi karo da turmi, ba ta yi kuka ba. Da ta ji muryata sai ta ce, "Mama, in na makance zan manta fuskarki?"

Na fizge kallabin. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ban taɓa yi miki musu ba, yau zan yi. Ba zan binne idon 'yata da ransa saboda takarda ɗaya ba."

Ta ce, "Kina ja da ƙaddara ne?"

Na ce, "Da na'ura nake ja."

Na dawo da Nafisa Parakou, muka hau zemijan, babur ɗin haya, daga unguwar Albarika zuwa asibiti, muka bi layi tun sanyin safiya. Likitar ido mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa muka ajiye ɗigon, ta auna tansiyon idon, wato hawan jinin idon, a ranaku uku daban-daban, duk lafiya. Ta sa Nafisa danna maɓalli duk lokacin da ta hango ɗan haske, yarinya ta gano su tsaf. Sai ta juyo gare ni: "Ke ma ɗora haɓarki." Ta leƙa, ta yi murmushi. "Mahaifiyarki na da rai? Kawo min ita."

Da ƙyar Inna ta zo, tana mita tun daga tasha. Aka leƙa nata.

Likita ta ce, "Ku ukun jijiyarku iri ɗaya ce, faɗin na gado ne. Yaranmu da yawa jijiyar idonsu ta fi ta 'ya'yan Turawa faɗi, raminta ma haka. Ita kuwa na'urar, da idon manya aka koya mata awo, yawancinsu ba mutanenmu ba. Da ta ga abin da ba ta saba da shi ba, sai ta shafa ja."

Inna ta ce, "To ni ma makauniyar ce?"

"Hajiya, wa ke zura miki zare a allura?"

"Wa kuwa? Ni da kaina."

Ashe jan idon daga ɗigon ne. Ciwon kan kuma tabarau kawai yake nema. Sati biyu da sa shi, ko sau ɗaya Nafisa ba ta ƙara dafe kai ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan da ta dubi mutum kafin ta dubi takarda, na gode wa duk wanda ya yi mana addu'a da zuciya ɗaya.

Iyaye, kada ku juya min magana: glokom gaskiya ne, yana kama mutanenmu sosai, mu ma duk wata shida za mu koma a duba. Kada ku daina magani da kanku. Amma in an nuna muku jar takarda a kan yaro, ku ce a auna tansiyon ido fiye da sau ɗaya. Ku nemi likita na biyu. Ku ce a leƙa naku idon. Kuma kada ku cire yaro daga karatu don tsoron abin da bai zo ba.

Nafisa ta rasa shekara guda, za ta maimaita aji. Inna da kanta ta ɗauko jakar daga Djougou, ta ajiye a bakin gado.

Kallabin yana nan, ban yar ba. Da shi Nafisa ke goge tabarau kafin ta buɗe littafi.