Tozalin Baba a Idon Jikansa

Shekara tara ke nan da muka rasa Baba, Malam Haruna mai tozali. A sauran shekarun, idan watan rasuwarsa ya kama, nakan yi masa sadaka in kira Inna mu sha kukanmu, shi ke nan. Bana kuwa ina rubutun nan ne gabana na faɗuwa, kuma dalilin faɗuwar gaban ya faro ne daga dutsen da Baba ya ƙarar da rayuwarsa yana haƙa.

Dutsen yana can gabashin Filato. Turawa ne suka fara huda shi suna neman dalma da azurfa, suka tafi suka bar ramuka da tsatsattsen layin dogo, su Baba suka ɗora da diga da guduma. Yakan ce tun kafin a yi mutane, ruwan zafi ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya bi tsagar dutsen, da ya huce sai ya bar jijiyar dalma a kwance cikin farin dutse. Ita suke bi a karkace har ciki, suna tokare rufi da itace, suna kwashe ruwa da damina. Azurfar kuwa a ɓoye take cikin dalmar, sai an narka an ƙona kafin 'yar kaɗan ta fito. Mu yara ba ruwanmu da azurfa. Abin da muka sani shi ne dutsen dalmar, wanda muke kira dutsen tozali, mai nauyi, mai ƙyalli, mai fashewa gida huɗu kamar sukarin kwali.

Baba matsoraci ne a wurin aiki, kuma yana alfahari da hakan. Ba ya shiga rami sai ya ƙwanƙwasa rufin da guduma ya saurara. Tsoronsa ruftawa ne da ambaliya. Amma mutumin nan zai ɗauki tozali ya lasa da harshe don ya nuna maka ƙyallinsa, ya ci tuwo hannunsa baƙi ƙirin. Daga baya ciwon ciki ya matsa masa, hannu ya soma rawa, ƙoda ta tsaya. Muka ce ajali ne, kuma ajalin ne.

Kafin ya kwanta ya ware wani dunƙule, mafi kyau da ya taɓa haƙowa, ya ba Inna ya ce na jikokinsa ne. A gidanmu ba a barin idon jariri fari, tun ranar wanka ake zizara masa tozali. Da aure ya kawo ni Dubai na haifi namiji, aka sa masa sunan Baba, muna kiransa Abba. Inna ta niƙa rabin dunƙulen ta cika mini tandu daga cikin garin, ta ba wata 'yar kasuwa mai zuwa sayayya kasuwar Al Ras ta nan Dubai ta kawo mini har da ragowar dutsen. Kullum da safe a ɗan falonmu na unguwar Al Muraqqabat ina sa masa, ina jin kamar hannun Baba ne ya taɓa shi. Shi kuma ya murje ido ya kai yatsa baki.

Abba ya haura shekara biyu bai ce ko Mama ba. Abinci sai da faɗa. A asibiti aka ɗebi jininsa, likita ta dube shi ta dube ni, ta tambaya ko ina sa masa wani abu a ido. Na ce tozali. Ta ce daga shi ne dalma ta yi yawa a jininsa, kuma tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Mijina Sani ya baro shagon kayan mota a Ras Al Khor a guje, da ya ji bayani sai ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, yau ɗin nan a jefar da tozalin.” Tandun na zubar. Dutsen na naɗe cikin leda na kai saman kabad, na kasa rabuwa da shi.

Da na gaya wa Inna a waya, sai ta ce, “Ke ma ai da shi na raine ki, me ya same ki?” Ga 'ya'yan ƙannena can a gida, sauran garin tozalin yana hannunta.

Me Baba zai ce da yana raye? Wani lokaci ina ganin zai yi gardama, don yana da taurin kai. Amma mutumin da ke fitowa daga rami saboda rufi ya yi wata 'yar ƙara ba zai yi caca da jikansa ba. Ina jin da kansa zai bi gidajen 'ya'yansa yana karɓe tandu, kuma abin da zan roƙi Inna ta yi ke nan a madadinsa.

Baba ya bar mana suna mai kyau, da tsoron abin da ya kamata a ji tsoro. Ya kuma bar abin da bai san ya bari ba. Wata mai zuwa za a sake ɗibar jinin Abba, kuma har yanzu ina zuba wa bakinsa ido ko zai kira ni. Tun da na haife shi nake addu'ar ya gaji kakansa a komai. Bana, ranar da nake nema wa Baba gafara, na roƙi Allah Ya fitar da abin da ya rage na dutsen Baba daga jikin ɗana.