Man Keke a Cikin Kwamfuta

Kawu ya shekara talatin yana buga takardu da tafireta, bai taɓa barin ta ta yi tsatsa ba. Da 'yarsa ta haɗa masa sabuwar kwamfuta a ɗaki, sai ta zuba hotunanta a ciki, ta ce, "Baba, ka kula da ita." Bayan wata biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Ya kuwa kula. Kowace safiya sai ya ɗiga man keken ɗinki ta ramukan bayan kwamfutar, yadda ya saba yi wa tafireta. Ranar da ta yi hayaƙi, mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya ce komai ya ƙone, har hotunan.

Kawu ya dubi mai gyaran, ya ce, "Ko rana ɗaya fa ban tsallake ba."