Yadda Na Goge Faifan Inna da Turare a Dubai

Shekaru sun ja, mai yiwuwa na rikita wasu sa'o'in. A yi mini uzuri.

Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito, Kawu ya aike ni Dubai duba masa kargo. A zaure Inna, kakata, ta danƙa mini faifan garmaho naɗe cikin zane. Mahaifinta makaɗin goge ne, wani kamfanin Turawa ya ɗauke shi a faifai a Ankara ta ƙasar Gana tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. Gefe ɗaya goge zalla, ɗayan waƙa da muryarsa. Garmahon gidanmu ya mutu tun ba a haife ni ba.

"Ka sa a juye mini, in ji muryar Baba kafin in bi shi," ta ce.

A filin jirgi mai bincike ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Faranti ne?"

Al Buteen

Washegari da hantsi na sauka a wani ƙaramin otal kusa da ruwa. Malam Isufu, abokin Kawu mutumin Damagaram, ya ciyar da ni biriyani, ya ce ya san wani Ba'indiye mai tara tsofaffin faifai. Gobe ƙarfe goma.

Da la'asar na buɗe zanen, na ga ƙura. Na ji nauyin kai shi haka. Na fesa turaren tsaraba a auduga, na goge gefen waƙar. Audugar ta yi baƙi, na ɗauka datti ne, na ƙara.

Abu Hail

Minti goma sha biyar a tasi, ina jin. Ba'indiyen ya shinshina faifan, ya dafe kai. Isufu ya fassara: "Ya ce faifan dā da wani irin ƙaro ake yin su, turare narka su yake. Khalas, shi ke nan." Ya dube ni. "Mon frère, ɗan'uwana, ba kai ne mai digiri ba?"

"A kemistiri," na ce.

Aka ɗora allurar garmaho a gefen waƙar, sai shuuu. Gogen kaɗai aka juye a sidi.

Gida

Kwana shida na dawo. Inna ta saurara, ido rufe.

"Hannunsa ne, wallahi. To, saka waƙar."

Na durƙusa na faɗa mata komai.

"Sake kunna gogen."

Na kunna. Ta ɗora waƙar da bakinta, baiti biyu, na ukun ya ɓace mata.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Malam Isufu, in na yi kuskure a gyara mini. Wanda kuma ya san ragowar waƙar nan, don Allah ya aiko.