Gwaggo Ta Ƙi Barin Tukunyarta

Shekarar da rediyo ya ce sojojin wata ƙasa sun iso don ba namu shawarar yaƙi da masu wa'azi da bindiga, ina koyarwa a Birnin Kebbi. A ɗakin malamai kowa ya zama janar. Ni hankalina yana kan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune ita kaɗai a wani ƙauye bayan Augie tun rasuwar mijinta. Sana'arta turara shinkafa, ta shanya, ta kai kasuwar Argungu.

Masu wa'azin nan, mutanen daji, sun riga sun shiga ƙauyen sau biyu a kan babura. Sun kora shanu, sun hana sauraren waƙa a waya, sannan suka ce kada mace ta ƙara zuwa kasuwa.

Ranar wata Alhamis na hau babur na tafi ɗauko ta. Na same ta gaban murhu tana tura itace, tururi ya jiƙe mata fuska.

Na ce, "Gwaggo, ki zo mu zauna birni wata biyu kawai. An ce baƙin sojoji sun zo da na'urorin da ke gani daga sama. Idan an gama sai ki dawo."

Ta ce, "Su masu gani daga sama, sun ga shanun da anka kora?"

Ta ƙara tura itace, ta ci gaba da magana.

"Ɗana, waɗancan sun zo daga nesa su koya mani sallar da nike yi tun ba a haihe su ba. Waɗanga ma sun zo daga nesa da shawara. Allah shi ba su sa'a, ba ni ƙi. Amma in na tashi, wa za su tarar in sun gama?"

Na yi fushi, na ce taurin kai ne. Ta miƙo mini buhu ta ce in riƙe baki ta zuba.

Washegari da hantsi muka fita kasuwa da buhu biyu a kan babur ɗina, ita a baya. Mata huɗu suka biyo mu da nasu kayan. A mararraba muka ga mutum biyu da rawani da bindiga a gindin kuka. Na rage gudu. Ɗayan ya ce, "Tsohuwa, ba ki ji doka ba?"

Ta ce, "Na jiya. Kai za ka ciyar da ni?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tofar da yawu ya kau da kai. Har yau ban san dalili ba. Muka wuce.

Da damina ta kama mutanen dajin sun ƙone rumbuna a ƙauyen da ke gaba, mutane da yawa suka gudo birni. Sojojinmu sun kafa shinge a hanyar daga baya. Baƙin sojojin kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Gwaggo ba ta fasa kasuwa ba sai da ciwon gwiwa ya zaunar da ita, matan nan huɗu suka ci gaba da kai mata kayanta.