Harbin Farko na Maƙeri Ne

A shekarar da aka ba mata izinin tuƙin mota a Saudiyya na rasa aikina na direba, amma ba mata ne suka kore ni ba. Bindiga ce.

Ina tuƙa iyalin wani dattijo a unguwar Shumaisi. Shi ne kafilina, wato a ƙarƙashinsa igamata, takardar izinin zama, take, kuma Baba muke ce masa, duk mu ma'aikatan gidan. Yana da bindigar iska ta harbin kurciya, wadda yake fita da ita sahara in zafi ya sauka. Kunamarta ta roba ce, ta yi tauri, shi kuma yatsunsa sun fara ciwo. Ya san ni ɗan maƙera ne, sai ya miƙo mini ita babu harsashi, ya ce in sassauta ta.

Ubana ya gyara wa mafarauta bindigogi har ya tsufa, amma ƙarfe ya koya mini. Roba ba ta shiga wuta, ba ta jin guduma, abin da ka cire mata kuma ba ya dawowa. Na zauna da ita a ɗakina na bakin get, da ƙaramin magagarin da na gada, ina taɓawa kaɗan ina ajiyewa, har ta yi laushi.

A gidanmu, wanda ya taɓa bindiga shi yake harbin farko, a gaban mai ita. In za ta ci wani, ta ci wanda ya gyara ta. Ubana ya rasu ba shi da babban yatsan hagu, amma babu mafaraucin da ya rasa nasa ta dalilinsa.

Na gaya wa abokina, wani mutumin Maraɗi mai dakon kayan miya a kasuwar Utaiƙa, cewa ni zan fara harbawa a gaban Baba. Ya yi dariya.

"Ɗan maƙera, nan fa ba garinku ba ne. Harba a ɓoye mana, ka miƙa masa abinsa."

"A ɓoye ba harbin farko ba ne," in ji ni.

"To fara ɗaure jakarka. In za ka tafi, ka bar mini fankar ɗakinka."

Wata Juma'a da la'asar na kai Baba sahara. Abokansa sun kafa tanti, ana shan gahawa. Na fito da bindigar daga mota, na ce, "Baba, ni zan fara harbawa."

"Mamnu," ya ce, wato an hana. "Direba ba ya harba bindiga. Kawo."

Na yi masa bayanin al'adar gidanmu da ɗan Larabcin da nake da shi. Wani daga cikin baƙin ya ce, "To a ba shi shinkafar ma ya fara ɗanɗanawa." Suka yi dariya.

"Shinkafa ba ni na dafa ba," na ce.

Kwalin harsashin yana bayan mota a buɗe. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na sa, na juya wa tanti baya, na saita tudun yashi, na ja. Ƙarar ba ta fi ta buɗe kwalbar lemo ba. Kunama ta bi yatsa lafiya lau. Na miƙa wa Baba bindigarsa da hannu biyu.

Ya karɓa, ya harbi kurciyoyinsa har magariba. Muka koma gida. Na kunyata shi a gaban mutane, kuma babbar 'yarsa ta riga ta karɓi lasisin tuƙi. Kafin wata ya ƙare ya buga mini bizar fita, ta ba dawowa.

Malaminmu na ajin manya, inda nake koyon rubutu yanzu, ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce da za a sake miƙo mini ita yau, ni zan sake farawa.

Na rasa aiki, da ɗaki, da igama, da Umrar da nake shirin yi da azumi. Fanka na bar wa mutumin Maraɗi. Magagarin ubana kuma an karɓe shi a filin jirgi, don na manta shi a aljihu.